Kafin ku biya inshorar lafiya ta tafiya, ku ƙirga kwanaki

'Yan uwa masu shirin dogon zama a waje, kada kalmar "shekara guda" da ke jikin takardar inshora ta ruɗe ku. Ku nemi layin da ya faɗi iyakar kwanakin kowace tafiya.

Galibi irin wannan inshorar an yi ta ne don mai zuwa ya dawo, kamar ɗan kasuwar da ke leƙa Dubai sau huɗu a shekara. Kowace fita da iyakarta: kwana 30, 60 ko 90. Da ka wuce, takardar sai dai ƙunshe ƙosai.

Ni ganau ne. A watana na huɗu a Alƙahira zazzaɓi ya kayar da ni. Na miƙa takardar a asibiti, ma'aikaciyar ta dubi hatimin fasfo, ta ƙirga da yatsa, ta turo min abata. Da kuɗin haya na biya.

In zaman zai yi tsawo, ku nemi wadda ake yi wa mazauna ƙasar waje. Ta fi tsada, gaskiya. Ku tabbatar ta haɗa da kuɗin dawo da mara lafiya gida.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya faɗa tun farko. In ya ɓoye, ranar biya za su ƙi.

Amma masu zuwa Ingila da bizar da ta wuce wata 6, ku dakata. Ana karɓar kuɗin lafiya tare da na biza, ɗalibi fam 776 a shekara, kuma da shi za ku ga likitan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar. Sai dai aikin haƙori yawanci da ɗan biya.