Me ya sa dogon diril ke kauce hanya a cikin ƙarfe?

A aikin ƙarfe, ana kiran rami mai zurfi idan zurfinsa ya ninka faɗinsa sau 10 ko fiye. Daga nan ne rigima ke farawa: ka soma huda a tsakiyar sandar ƙarfe, ramin ya je ya ɓullo ta gefe. Nan da nan sai a ɗora wa inji laifi, alhali galibi ɓarnar tana bakin diril ɗin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne wasa baki da ido a kan giranda. Diril mai murɗe leɓɓa biyu gare shi, kuma tilas su zo daidai a tsawo da kusurwa. In ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, tsinin ya bar tsakiya, ramin zai fi diril ɗin faɗi. In kusurwarsu ta bambanta, leɓe ɗaya ne zai riƙa cin ƙarfe shi kaɗai yana ture diril gefe. A gajeren rami ba za ka lura ba, amma a dogo kowane milimita ƙara karkata yake. Duba ɓarɓashin da ke fitowa tun farko. In ɗaya daga cikin kwarmi biyun da ke jikin diril na fitar da shi da kauri, ɗayan kuwa sai ɗan gari-gari, tsaya ka sake washi, ka auna da ma'aunin kusurwa. Digiri 118 ya wadatar ga ƙarfe mai taushi, mai tauri kuwa ya fi son 135 zuwa 140.

Akwai kuma ɗan gajeren layin nan da ya haɗa leɓɓan a tsakiyar baki. Ba yanka yake yi ba, murje ƙarfe yake. Ƙashin diril, wato ƙarfen tsakiya da ke tsakanin kwarmin biyu, yana ƙara kauri wajen gindi, saboda haka duk washi ƙara faɗaɗa layin yake, danna shi na ƙara wuya, dogon jikin kuma ya lanƙwashe. A rage layin a giranda.

Wasu kan kafa dogon diril kai tsaye a kan ƙarfe. Gajere mai ƙarfi ake fara sawa, ya buɗe hanya mai zurfin kamar faɗinsa sau biyu. Kusurwar bakinsa ta yi daidai da ta dogon ko ta ɗan fi ta buɗewa, don tsinin dogon ya fara taɓa ƙasa kafin gefunansa. Ka shigar da dogon a hankali, sannan ka ƙara gudu. In ba ta cikinsa man sanyaya baki ke bi ba, riƙa zaro shi ɓarɓashi ya fita, don cushewa ke karya shi.

Diril ɗin da aka samo daga masu huda bututun bindiga dabam yake. Leɓe ɗaya gare shi, tsininsa da gangan aka kautar, kusan kwatan faɗinsa daga gefe, kusurwar waje digiri 30, ta ciki 20 a washin da aka saba. Ƙarfin yankan ne ke manna ɗan kushin da ke jikin kansa da bangon ramin, ramin da ya huda ya zame masa jagora. Wanda ya wasa shi zuwa tsakiya ya lalata wannan tsarin. Ba ya iya fara rami da kansa, kuma kada a kunna shi da gudu a wajen rami, bulala zai yi ya karye. In inji ya ba da dama, a juya ƙarfen da ake hudawa shi ma, ramin ya fi miƙewa.