Kunun Zaƙi Na Tsiro: Yadda Nake Haɗa Shi Da Inda Ake Tsayawa

Yawancin abin da ake sayarwa a robobi a bakin titi da sunan kunun zaƙi, ruwan gasara ne kawai aka labta wa sukari. Shi na ainihi daga cikin hatsin zaƙinsa yake fitowa, kuma tsiro ne ke fito da shi. Idan kika iya tsiro, kika kuma iya gane zafin ƙullu, to kin gama da kunun zaƙi. Sauran duk aikin hannu ne.

Tun yanzu gara ki san wani abu, 'yar uwa. Hanyar da za mu bi ita ce dai masu burkutu suke bi: a jiƙa hatsi, a bar shi ya tsira, a shanya, a niƙa, a dama. Haka masu giyar fito suke yi a arewacin Gana, haka manyan kamfanonin giya. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma sayen dawarmu, kuma da tsiron hatsi ake yin lemon malta da yara ke sha. Hanya ɗaya ce ta rabu biyu. Mu muna tsayawa inda zaƙi ya fito da ɗan tsami, su kuma suna bari ya wuce nan. Shi ya sa zan daɗe a kan maganar lokaci.

Mu fara da tsiro, don shi ke cin kwanaki. Ana yin sa da shinkafa shanshera, da gero, ko da dawa. Ni na fi son na shanshera saboda ƙarfinsa da kuma yadda ba ya ɓata launin kunu, amma dole ta zama sabuwa wadda ba a turara ba, domin turarriyar shinkafa ta mutu, ko shekara za ki yi kina yayyafa mata ruwa ba za ta motsa ba. Ki wanke ta, ki zubar da duk abin da ya taso saman ruwa, ki jiƙa kwana ɗaya kina canza ruwan safe da yamma. Sai ki tsane, ki baza a kan buhun algarara mai danshi a inuwa, kaurin bazawar kada ya wuce yatsu biyu, ki rufa da wani buhun. Safe da yamma ki buɗe, ki yayyafa ruwa da hannu, ki juya. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. Ruwa ya kwanta a ƙasa, ruɓa za ta yi.

Gero da dawa kan tsira a kwana biyu zuwa uku, shanshera takan kai huɗu ko biyar, da sanyin hunturu ma ta fi haka. Alamar ya yi ita ce saiwa fara ta fito ta fara sarƙewa, kan tsiron kuma ya kai tsawon ƙwayar ko ya ɗan fi. Ki ɗauki ɗaya ki tauna, za ki ji ta yi laushi da ɗan zaƙi-zaƙi. Kada ki bari ya yi kore. Da zarar ganye ya fito, tsiron ya fara cinye abin da kike nema. Ki kwashe ki shanya a rana har ya bushe ƙayau, yadda in kika ciza zai ce ƙas.

Abu biyu ba na wasa da su a nan. Na farko fumfuna. Kika ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jikin hatsin, ko kika ji warin tsumma, zubarwa za ki yi gaba ɗaya, kada ki tsaya tsince-tsince, domin wasu fumfunan hatsi suna barin gubar da ke taɓa hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Na biyu, in da dawa kika yi, bayan ya bushe ki murje shi da tafin hannu ki sheƙe saiwar da kan tsiron su fita tas. A cikinsu ne dawa ke tara irin gubar nan ta rogo mai ɗaci. Makiyaya sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba sa barin shanu su faɗa wa gyauron dawa. Ƙwayar ake so, ba gashin ba.

Tsiron da ya bushe sosai yana ajiyuwa watanni a roba mai murfi. Ki yi da yawa sau ɗaya ki huta.

Yanzu awo. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka da gwangwanin madara zan ba ki: gero goma, tsiro biyu, ruwa kuma kamar lita takwas gaba ɗaya. In kina son kunu mai ɗan ja, ki rage gero uku ki sa jar dawa a madadinsu. Kayan ƙamshi: busasshiyar citta kamar yatsu uku, kanumfari rabin cokalin shayi, masoro ƙwaya goma, kimba ɗaya. Busasshen dankalin Hausa cikin tafin hannu ɗaya yana ƙara zaƙi da santsi, shi ma yana da sinadarin da ke taya tsiro aiki.

Ki wanke geron ki rege tsakuwa, ki jiƙa daga dare zuwa safe. Da zafin bazara kada ya wuce awa goma sha biyu, in ba haka ba tun a ruwan jiƙo zai fara wari. Ki sake wankewa, ki haɗa da kayan ƙamshi a kai markaɗe. Tsiro da dankali kuwa daban za ki jiƙa su na awa biyu, a kuma markaɗa su daban. Ki ce wa mai inji ya wanke injinsa a gabanki. Wanda ya gama markaɗa wake ko tattasai ya zuba miki gero a kai, ya gama da kunun.

Game da kanumfari: mutane suna cika shi. Ƙamshinsa yana ƙara ƙarfi ne in kunu ya kwana, abin da kika ji daidai da dare, da safe sai ya danne komai har harshe ya yi nauyi. Kimba ma ki fasa ta ki cire 'ya'yan, su ke kawo ɗaci. Citta ce kaɗai za ki iya sakar wa hannu.

To ga wurin da ake samun kunu ko a rasa shi. Ki raba ƙullun geron kashi uku. Kashi biyu ki zuba a babbar roba ko tukunya, ki sassauta shi da ruwa kaɗan. Ki tafasa ruwa lita shida, tafasa ta gaske mai tsalle, ki sheƙa a kai a tashi ɗaya kina juyawa da muciya. Zai yi kauri ya canza launi, ya koma kamar talge. In bai yi kauri ba ruwanki bai tafasa ba, sai ki ɗora a wuta ki yi ta juyawa har ya kama. Wannan dahuwar ce ke buɗe sitacin hatsi yadda tsiro zai iya shiga cikinsa.

Kashi ɗayan da ya rage ɗanye, ki haɗa shi da markaɗen tsiro da dankali. Amma kada ki zuba tukuna. Abin da ke aiki a cikin tsiro wani sinadari ne da masana ke kira amilas, shi ke yanyanka sitaci ya mai da shi sukari. Zafin tafasa yana kashe shi nan take, sanyi kuma yana sa shi kasala. Ya fi jin daɗin aiki a tsakanin digiri 60 zuwa 70 na ma'aunin salshiyos. In kina da ma'aunin zafi na kicin, shi ke nan. In babu, ki wanke hannu ki tsoma yatsa: in kina iya tsomawa amma dole ki zare kafin ki ƙirga uku, lokaci ya yi. In ko taɓawa ba kya iyawa, ki ƙara haƙuri kina juyawa. In har yatsa na iya zama, kin makara, ki ɗan mayar wuta.

Sai ki zuba ɗanyen ki juya. Ki tsaya ki kalla, don wannan wurin yana da daɗin gani. Muciyar da ɗazu take tsayuwa da kanta a tsakiyar tukunya za ta fara kwanciya, kaurin ya saki ta gefe-gefe, cikin minti goma ko sha biyar abin ya tsinke ya zama ruwa ba tare da kin ƙara ko ɗigo ba. Ki ɗanɗana a bayan cokali. Zaƙi ya fara zuwa. Ki rufe da murfi, ki lulluɓe da tsohon bargo ya riƙe zafinsa awa ɗaya zuwa biyu. In bai tsinke ba, ɗayan biyu ne: ko kin zuba da zafi ya yi yawa, ko tsiron ba shi da ƙarfi. Ki markaɗa wani ki ƙara tun da sauran ɗumi.

Daga nan ki cire bargon ki bar shi ya huce, ya kwana. A cikin daren ne ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke sa nono tsami suke aikinsu, su ba shi ɗan tsamin nan da ke bambanta kunun zaƙi da ruwan sukari. Da hunturu awa takwas zuwa goma. A watan Maris da Afrilu kuwa awa shida ta isa, ki sa ƙararrawar waya in ta kama. Da asuba ki tace da ƙyallen tata mai laushi, ki ɗauraye dusar da ragowar ruwan lita biyu, wanda aka tafasa ya huce. Dusar kaji da awaki suna so. Ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, sau da yawa kaɗan yake buƙata. Mazarƙwaila ta fi dacewa da shi in ba ki damu da launi ba.

Yanzu maganar tsayawa. Bayan masu tsami, akwai yis a cikin iska da jikin hatsi, kuma abincinsa shi ne sukarin da kika sha wahalar fitarwa. In ya samu ɗumi da lokaci sai ya mai da sukarin barasa da iska. Kunun da aka bari a ɗaki da zafi ba ya wuce kwana ɗaya lafiya, a na biyu ya fara juyawa. Alamominsa ba sa ɓuya: roba ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta ce fus, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, zaƙi ya ragu, wani wari mai hawa hanci ya shigo. Wannan ba kunu ba ne kuma, ki zubar. Ƙara masa sukari don a ɓoye tsamin ƙara wa yis abinci ne. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim da ya nuna ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Ruwan zabibi ke nan. Kunun tsiro a zafin Sakkwato ko Maiduguri ba ya kai haka.

Sanyi ne maganinsa. Da kin tace ki ɗura a robobi masu tsabta, ki bar ɗan wuri a sama, ki sa a firij ko ki binne su a ƙanƙara cikin kula. A firij mai wuta tsaye yana kwana uku. In wutar unguwarku irin tamu ce, ki yi daidai wanda za a shanye. Wata dabarar ita ce bayan tacewa ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, ya yi zafi sosai na kamar rabin awa ba tare da ya tafasa ba. Wannan yana kashe yawancin yis ɗin, sai dai kunun zai ɗan ƙara kauri, ɗanɗanonsa kuma ya ɗan canza. Kwalbar gilashi kuwa kada ki kuskura, in iska ta taru tana iya fashewa a hannun yaro.

Wani abu kuma ga masu yin na biki ko na sayarwa. Citta da kanumfari suna rufe warin kusan duk abin da aka zuba a abin sha, kuma ɓata-gari sun gane haka. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sha kama masu haɗa zoɓo da wiwi da ƙwayoyi suna sayar wa matasa a wuraren shagali. Wiwin da aka sha ta ciki ba ya nuna kansa da wuri, yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu, kafin nan mutum ya ƙara kofi biyu bai san abin da ya shiga cikinsa ba. Ko a Kanada, inda aka halatta wiwi a 2018, doka ba ta yarda kamfani ya haɗa shi da barasa a kwalba ɗaya ba. A nan kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma in aka samu matsala, mai kunu za a fara nema. Don haka ni ba na ba da kunu a buɗaɗɗen bokiti. Ki ɗura da hannunki, ki sayi sababbin robobi masu murfin da ke da hatimi, wanda sai an karya ake buɗewa. A kasuwa ana sayar da su a dozin. Tsofaffin robobin da yara ke tsintowa sun fi araha, amma ba ki san bakin da ya sha ba, kuma ragowar lemon da ke maƙale a wuyansu ma kan sa kunu saurin juyawa.

Wurin sha a girgiza robar tukuna, don garin yana kwanciya a ƙasa. In za ki kai kasuwa, ki rubuta ranar da kika yi a jikin murfin, wanda ya kwana biyu a kula kada ya koma cikin na yau.