Yadda za ka bi sawun 'yancin tunani a tarihin Arewa

Ka zaɓi batu guda, kamar sukar mai mulki, ka bi shi zamani bayan zamani. In ka rungumi komai lokaci ɗaya, za ka tashi da surutu babu hujja.

Raba takardarka gida uku: abin da doka ta ce, waɗanda aka hukunta, da abin da mutane suka daina faɗa.

Gidan farko ba wuya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da 'yancin tunani da addini, na 39 kuma na faɗin albarkacin baki. Ka jera su da Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015.

Gida na biyu sai da zuwa Kaduna, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House. Nemi fayilolin En'e na bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950. Kula da sunan laifin: ba a rubuta “ya saɓa ra'ayi”, taro ba izini ko cin mutuncin sarki za ka gani. Da irin waɗannan tuhume-tuhume aka yi ta ɗaure su Gambo Sawaba. Karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, amma ka tuna gwamnati ce ta kafa ta; abin da ta tsallake ma shaida ne.

Na uku shi ne mai wahala, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci, don tsoron surukai, malamin unguwa da abokan ciniki ba ya shiga fayil. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Ɗauki marubuciya ɗaya, ka gwada littafinta na kafin lokacin da na bayansa, ka lissafa batutuwan da suka ɓace.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar shiru a matsayin yarda. Kada ka tambayi dattijo a majalisa, zai ba ka amsar da jama'a ke son ji. Same shi shi kaɗai, ka ce: “Baba, a lokacinku wace magana ce sai an leƙa waje kafin a faɗe ta?” Rubuta shekara da gari, sannan ka nemi mutum na biyu wanda ba ɗan jam'iyyarsu ba.