Darasi Na Tara: Duba Tsohuwar Mota Kafin A Biya Kuɗi

Yawancin motocin da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a ɗoro su a jirgin ruwa. Tsufa kaɗai ba ya kashe mota, domin wadda aka kula da ita tana iya wuce kilomita 300,000 injinta bai gaji ba. Abin da ke jefa mai saye cikin asara shi ne ya gaskata lambar da mita ta nuna, alhali kuwa babu abin da ya fi ta sauƙin sauyawa a jikin mota.

Ka fara da sanin ma'aunin da mitar take ƙirgawa da shi. Motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne, saboda haka motar da ta nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000 ke nan. Daga nan sai ka gwada lambar da abin da idonka ya gani. Idan mita ta ce tafiyar kaɗan ce, amma robar da ke kan abin taka birki ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba kuma ta lotsa, to, an mayar da mitar baya, kuma shaidar robar birki ta fi ta dillali ƙarfi.

Ka je da sassafe tare da bakaniken da kai ka zaɓa, kuma ka roƙi kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka ɗora hannu a kan bonet. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama injin, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi ko ƙarar da yake yi idan ya kwana. Kafin a murza makulli, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai a dubi cikinsa. Idan akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, alama ce ta cewa ruwa yana haɗuwa da mai, kuma sau da yawa gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. A leƙa lagireto ma tun yana da sanyi, domin buɗe shi da zafi yana ƙona mutum.

Da aka murza makulli, fitilun gargaɗi za su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure: suna murna idan ba su ga fitila mai hoton inji ba, ba su san cewa rashin kamawarta tun farko yana iya nufin an cire ƙwanta ba ne. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma kuɗin da mai na'urar zai karɓa bai kai na gyaran giya ɗaya ba.

Sai ka zagaya baya ka tsaya kusa da salansa, wani ya taka totur. Hayaƙi mai shuɗi yana nuna inji yana shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan kuwa yawanci gyaransa da sauƙi. Farin tururi na ɗan lokaci da sanyin safiya ba komai ba ne, amma farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi ruwa ne yake ƙonewa a ciki, kuma ni dai irin wannan motar ba na tsayawa yin cinikinta.

Sabon fenti yana ruɗin ido. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila bayan haɗari, sai dai idan ɓangaren na roba ne ko alminiyam. Ka ɗaga kafet da safaya taya ka shinshina, domin motar da ambaliya ta ci takan bar warin ruma da busasshen laka a saƙo-saƙo, wayoyinta kuma ba sa daina ba da wahala. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe da tsatsa.

Wajen gwaji, ka kashe rediyo, ka kunna na'urar sanyi, ka bi hanya mai gargada da kuma wadda za ka iya yin gudu, kana sauraron shokazoba kana lura ko giya tana fizga. Ka tambaya ko an taɓa canja tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan inji, wanda a motoci da yawa ake canjawa wajen kilomita 100,000. Idan babu shaida, ka cire kuɗinsa daga farashi.

Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, kuma ana ganinta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofarsa. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke takardar kwastam kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Aikin gida: lambobi huɗu na ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 mako na 23 ne na 2019. Ka karanta na wata mota a unguwarku ka rubuta shekarun tayoyinta, sannan ka lissafa kilomita nawa ne mil 185,000.