Yadda ake shan maganin sassauta tsoka idan likita ya rubuta

Idan baya ya riƙe ko wuya ya ƙage har mutum ya kasa waiwaye, likita kan rubuta ɗaya daga cikin magungunan sassauta tsoka, irin su cyclobenzaprine, methocarbamol, tizanidine, baclofen ko orphenadrine. Abin da yawancin masu sha ba su sani ba shi ne, ba a jikin tsokar waɗannan magunguna suke aiki ba. A ƙwaƙwalwa da laka suke rage ƙarfin saƙon da ke sa tsoka ta ɗaure. Shi ya sa barci, jiri da mutuwar jiki suke biyo baya, kuma kusan duk ƙa'idar shansu daga nan ta samo asali.

Kafin ka haɗiyi ƙwaya ta farko, faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani duk abin da kake sha, har da wanda ka saya da kanka. Tizanidine ba ya haɗuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin, domin ciprofloxacin yana hana hanta narkar da shi, sai ya taru a jini, jinin ya faɗi ƙasa sosai, mutum ya yanke jiki. Cyclobenzaprine bai dace da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko wanda zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Haɗa shi da tramadol ko wasu magungunan ciwon damuwa kan jawo zazzaɓi, rawar jiki, gumi da ruɗewa. Baclofen ta ƙoda yake fita, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Orphenadrine yana tsananta hawan jinin ido da wahalar fitsari ga maza masu kumburin furostet. Mai ciki da mai shayarwa su sanar tun kafin a rubuta.

Adadin da ke kan takardarka shi ne naka, amma yana da kyau ka san inda aka saba farawa don ka gane idan an yi kuskure. Cyclobenzaprine ana farawa da miligiram 5 sau uku a rana, wani lokaci a kai 10. Tizanidine miligiram 2 ne a farko, da tazarar awa 6 zuwa 8, ba a wuce sau uku a cikin awa 24. Baclofen miligiram 5 sau uku a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Methocarbamol ƙwayoyinsa manya ne, miligiram 500 ko 750, kada girman lambar ya sa ka ɗauka ya fi sauran ƙarfi.

Sha na farko da dare, lokacin da ba ka da inda za ka je. Washegari ka lura da jikinka kafin ka kama sitiyari, ka hau babur ko ka taɓa inji mai kaifi. Cyclobenzaprine yana daɗewa a jini, bayan kusan awa 18 rabinsa yana nan, don haka wanda ya sha da dare zai iya wayar gari kai bai washe ba alhali shi yana jin garau yake. Idan za ka tashi daga kwance, fara zama a bakin gado na ɗan lokaci. Waɗanda suka haura shekara 65 sun fi kowa faɗuwa da ruɗewa, kuma likitoci da yawa sun fi son kauce wa ba su waɗannan magunguna.

Babban haɗari yana wajen haɗi. Giya, tramadol, kodin, diazepam, maganin barci da maganin mura mai sa gyangyaɗi duk waje ɗaya suke danna wa. Idan biyu ko uku suka haɗu, numfashi kan ragu mutum yana barci. Ga kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba: wasu ƙwayoyin an riga an cakuɗa su da farasitamol, musamman na orphenadrine da chlorzoxazone, wanda shi ma maganin sassauta tsoka ne. Karanta jikin kwalin kafin ka ƙara wani farasitamol a kai, domin babba bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba.

Idan ka manta ba ka sha ba, kuma lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce. Kada ka ninka.

Ga ɗaurewar tsoka da ta zo farat ɗaya, maganin na ɗan lokaci ne, mako 2 zuwa 3 iyaka, sau da yawa ma kwanaki kaɗan sun isa. Amfaninsa shi ne ya ba ka damar motsawa da samun barci. Ka riƙa ɗumama wurin minti 15 zuwa 20, ka riƙa tattaki a hankali, domin doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Carisoprodol, wani maganin sassauta tsokar, da diazepam jiki yana saurin sabawa da su. Wanda ya daɗe yana shan baclofen ko tizanidine kuwa, kada ya daina lokaci guda. Yanke baclofen farat ɗaya na iya kawo jijjiga da gane-gane, tizanidine kuma jini ya hau, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Likita ne zai tsara yadda za a rage.

Bushewar baki abu ne da aka saba gani, haka ma fitsari ya yi duhu da methocarbamol ko ya yi ja-ja da chlorzoxazone. Amma a garzaya asibiti idan mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, fuska ko leɓe sun kumbura, ko idanu sun yi ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Haka kuma idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko kuma sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi. Waɗannan ba ɗaurewar tsoka ba ce, a tafi da kwalin maganin a nuna wa likita.