Yadda Ake Ɗaura Yatsun Ɗaukar Falet a Bokitin Tarakta da Yadda Ake Aiki da Su Lafiya

Wanda yake da tarakta mai loda a gaba, wato hannuwan ƙarfen nan masu ɗaga bokitin ɗiban ƙasa, kuma aikin sauke kaya ba kullum yake samunsa ba, ba lallai ne ya sayi foklif, motar nan mai yatsu ta ɗaga kaya, ba. Akwai yatsun ƙarfe guda biyu da ake zurawa a leɓen bokitin loda a matse su da sukuru, kuma da su tarakta za ta ɗauki falet, wato dandamalin katakon nan da ake jera buhuna ko kwalaye a kansa. Ƙananan manoman Amurka suna yawan amfani da su, shi ya sa ma'aunin da ke jikinsu yakan zo da inci da laba. Suna da araha, ana ɗaura su cikin 'yan mintoci, kuma ba a taɓa komai a jikin tarakta. Sai dai sauƙin ɗaurawar yakan sa mutane su manta cewa ba don wannan aiki aka ƙera bokiti ba, kuma yawancin ɓarnar da ake gani daga wannan mantuwa take farawa.

Kafin a taɓa sifana: lissafin nauyi

Aikin farko a takarda ake yin sa. A jikin yatsun ko a kwalinsu za a ga lamba kamar laba 1,500 ko 2,000 ko 4,000, wato kusan kilo 680 da 900 da 1,800, kuma galibi lambar ta yatsun biyu ce a haɗe, ba ta guda ɗaya ba. Wannan lamba tana faɗin abin da ƙarfen yatsun zai iya jurewa ne kawai. Ba ta ce komai a kan leɓen bokitinka ba, ba ta ce komai a kan ƙarfin loda ko tayoyin gaba ba, kuma a cikin waɗannan huɗu wanda ya fi rauni shi ne iyakar abin da za ka ɗauka.

Sai a buɗe littafin loda a nemi nauyin da take iya ɗagawa, a kuma lura da inda aka auna shi. Wasu kamfanoni suna ba da lambar a daidai fin ɗin da bokiti yake juyawa a kansa, wasu kuma suna ba da ita santimita 50 gaba da fin, kuma ta biyun kullum ta fi ƙanƙanta. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ɗaukar jarkar ruwa a jikin ƙirjinsa sannan ya gwada riƙe ta da hannuwa a miƙe: ruwan bai ƙaru ba, amma hannu ya san an yi nisa. A ɗauka daga fin zuwa leɓen bokiti santimita 60 ne, falet ɗin kuma tsawonsa santimita 120 ne. Tsakiyar kayan za ta kasance santimita 60 gaba da leɓe, wato santimita 120 daga fin ke nan, fiye da ninki biyu na nisan da aka yi awon littafi da shi. Ƙarfin da yake neman kifar da bokitin ƙasa ya ninka, ga nauyin yatsun kansu da na falet da dole a cire daga abin da ya rage. Saboda haka mai hankali ba ya fara gwaji da fiye da rabin lambar da ke littafi.

Sanin nauyin kayan ma wajibi ne, kuma a nan ido yana yaudara. Buhun siminti ko na takin zamani kilo 50 ne, buhu 20 a kan falet tan ɗaya ke nan. Tankin roba mai kejin ƙarfe na lita 1,000 idan aka cika shi da ruwa ya haura tan ɗaya, kuma ƙaramar tarakta da yatsun matsewa ba ta da abin yi da shi sai an rage ruwan sosai. Raba kaya gida biyu a yi sawu biyu ya fi sauƙi a kan gyaran bokiti.

Daga nan a duba bokitin. A kankare busasshen laka da ke leɓe sama da ƙasa, a goge mai ko giris, domin sukurun da gogayya kawai yake riƙewa, kuma laka idan ta murmushe a ƙarƙashinsa matsin ya tafi. A auna kaurin leɓen a tabbata zai shiga bakin yatsa. Bokitin da aka ɗaura wa haƙoran tona ƙasa sai an kwance haƙoran tukuna, wanda kuma leɓensa ya cinye ya yi siriri ko ya tsage a wurin walda, a haƙura da shi. Su ma yatsun a duba waldarsu da zaren sukurunsu, a shafa ɗan giris a zaren kaɗai.

Ɗaurawa

A kai tarakta wuri mai daidaito da tauri. A sauke bokiti har ya rage ɗan tazara tsakaninsa da ƙasa, gindinsa a shimfiɗe, a tokare shi da katako mai kauri ta yadda ba zai sauko ba ko da haidurolik, wato matsin man da yake ɗaga loda, ya saki. A ja birkin hannu, a kashe inji, a cire makulli. Yatsa ɗaya yana da nauyin da zai fasa ƙafa idan ya kuɓuce, don haka a sa takalmin aiki mai ƙarfe a baki da safar hannu, kuma kada a sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin bokiti.

A warware sukurun har bakin yatsa ya buɗe, sannan a zura shi a leɓen bokiti, gindin yatsa ya shiga ta ƙarƙashin bokiti, ɓangaren sukuru ya hau ta sama. A tura shi har leɓen ya tokari ƙarshen ramin. Yatsan da ya tsaya rabin hanya duk nauyin kaya a bakin leɓe zai tara shi, kuma nan ne ƙarfen ya fi saurin lanƙwasa. Kada a matse tukuna.

Yanzu sai tazara. A nemo tsakiyar bokiti da tef ɗin awo a yi alama da alli, a auna nisa ɗaya zuwa dama da hagu, domin yatsun da suka karkata gefe ɗaya suna murɗa hannuwan loda kuma suna ɗora wa taya ɗaya abin da ya kamata biyu su raba. A buɗa su iyakar abin da ramukan falet za su bari. Falet ɗin Turai santimita 120 ne da 80, akwai mai 120 da 100, na Amurka kuma inci 48 ne da 40, don haka a auna wanda za a ɗauka maimakon a yi kintace. A auna tazarar yatsun a gindi a kuma auna a tsini; idan lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, yatsun ba su miƙe ba.

Idan yatsun sun zo da sandar da ke haɗa su, a ɗaura ta yanzu. A ganina bai kamata a sayi waɗanda ba su da ita ba, domin babban aibin irin waɗannan yatsu shi ne kowanne a kan sukuru ɗaya yake tsaye, kuma da zarar tsininsa ya bugi katako ta gefe sai ya juya. Bayan sandar ta zauna sai a matse sukurai da kyau, ana yin wannan kaɗan a koma wancan, da irin ƙarfin da takardar kamfani ta faɗa. Zura dogon bututu a hannun sukuru don ƙarin ƙarfi yana cinye zare ko ya lotsa gindin bokiti. Inda ƙarfen bokitin siriri ne, ɗan faifan ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin sukurun yana baza matsin. Wasu yatsun suna da zoben sarƙa: ana zagaya sarƙar ta bayan bokiti a ɗaure ta da abin tsuke sarƙa, kuma wannan yana mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa jikin bokiti. A kula kada sarƙar ta danne tiyon haidurolik ko ta goga sandar silinda. Idan akwai ramukan da ake kafa katako a tsaye a gindin yatsun, a kafa shi, domin shi ne zai tare kaya idan suka zame baya zuwa wajen direba.

Abin da ya rage shi ne nauyin baya, kuma wannan ba zaɓi ba ne. Tarakta mai kaya a gaba tana neman kifewa a kan tayoyin gaba, bayanta ya yi sauƙi, alhali a yawancin taraktoci birkin a tayoyin baya yake. Tayar da ba ta danne ƙasa ba birkinta ba ya kamawa. A rataya akwatin nauyi ko wani kayan aiki mai nauyi, kamar garma ko haro, a maɗauri mai wuri uku na baya, a kuma duba iskar tayoyin gaba ta kai abin da littafi ya ce don aikin loda.

Gwaji da ɗauka

A tayar da inji, a ɗaga bokiti babu kaya, a karkata shi sama da ƙasa a hankali a ga ko wani abu yana gogawa. Sannan a ɗauki falet mai ɗan nauyi a ɗaga shi taƙi ɗaya daga ƙasa, a tsaya, a lura da bayan tarakta da sitiyari. A sauke, a kashe inji, a sake matse sukurai, domin kusan kullum sukan ɗan saki bayan ɗaukar farko. A riƙa komawa kansu a tsakiyar aiki, musamman bayan yatsa ya bugi wani abu.

Direba daga kujerarsa ba ya ganin tsinin yatsun, bokiti ya tare masa, kuma wannan ne yake sa a huda buhu ko a fasa katakon falet. Fenti mai haske a tsini yana taimakawa, haka ma koyon alamar da ke nuna gindin bokiti ya daidaita, amma abin da ya fi duka shi ne mutum ɗaya mai ba da hannu. Ya tsaya a gefe inda direba yake ganinsa, nesa da kayan, kada ya shiga tsakanin tarakta da mota ko bango. A yi yarjejeniya kan alamun hannu kafin a fara, kuma idan direba ya daina ganinsa ya tsaya nan take. Inda ake sauke kaya a bakin kasuwa ko shago ba a rasa 'yan kallo da yara, sai an kore su nesa kafin taya ta motsa.

A tunkari falet kai tsaye a ƙaramar giya, yatsu a shimfiɗe, a shige har kayan su matso kusa da leɓen bokiti. Ɗauka da tsini ko da yatsa ɗaya ita ce hanya mafi sauri ta lanƙwasa leɓe. A ɗaga kaɗan, a karkato bokiti baya kaɗan yadda kayan za su jingina, a ɗaure duk abin da zai iya zamewa da igiya ko bel. Wajen tafiya kayan su kasance ƙasa-ƙasa, iyakar abin da zai hana su taɓa ƙasa. Aksil ɗin gaban tarakta, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, a kan fin ɗaya yake lilo a tsakiya, don haka tayoyin gaba ba sa hana ta faɗuwa gefe yadda mutum zai zata, kuma kaya a sama tare da kwana ko rami a ƙarƙashin taya ɗaya sun isa su kwantar da ita. Ƙarfen kariya na saman kujera ya kasance a tsaye, bel ɗin kujera a ɗaure. A kan gangara kayan su fuskanci tudu koyaushe, wato a hau da gaba a sauko da baya, kuma ba a ratsa gangara ta gefe da kaya. Ruwa a tanki yana tangaɗi, don haka birki da kwana sai a hankali ƙwarai.

Akwai haɗari guda da ya keɓanta da loda wanda mai foklif bai saba da shi ba. A lodar da ba ta daidaita kanta, yayin da hannuwa suke tashi bokiti yana ƙara karkata baya, kuma falet ɗin da yake daidai a ƙasa zai iya zubo wa direba kaya a ka idan ya kai sama. Wajen ɗora kaya a mota sai a tsaya cak a gabanta, a riƙa ɗagawa ana gyara karkatar da liba, wato sandar sarrafa loda, kaɗan-kaɗan, a duba sama ko akwai wayar lantarki, sannan a matsa gaba. A sauke har nauyin ya bar yatsun gaba ɗaya, a ja baya a miƙe ba tare da juya sitiyari ba, domin juyawa alhali yatsu suna cikin falet shi yake karkatar da su. Ba a ɗaga mutum a kan falet ko yatsu don gyaran rufi ko tsinkar wani abu, ba a tuge kututture ko dutse da su, kuma ba wanda zai wuce ta ƙarƙashin loda a ɗage. Idan aka ga alamar yoyon mai, a nemi wurin da guntun kwali bayan an sauke loda, ba da tafin hannu ba, domin man haidurolik mai matsi yana huda fata ya shiga jiki, kuma wannan rauni ne na gaggawar asibiti ko da ya yi kama da ɗan tsini.

Bayan aiki

A sauke yatsu su kwanta a ƙasa, a ja birki, a kashe inji, a motsa libar loda don sakin matsin da ya rage. Ba a hawa titi da yatsun a ɗaure, domin a tsayin gwiwar mai tafiya a ƙasa da kuma ƙafar mai babur suke, kuma da wuya a hango su. A kwance su, a goge zaren a sa giris, a ajiye inda ruwa ba ya dukansu. Yatsan da ya lanƙwashe a canza shi, kada a kai wa mai walda ya gasa ya miƙe, domin zafi yana canza ƙarfin ƙarfen. Daga ƙarshe a ja zare daga wannan kusurwar leɓen bokiti zuwa waccan a duba ko tsakiyar ta fara saukowa. Idan ta fara, nauyin da ake ɗauka ya wuce ƙarfin bokitin, sai a rage shi, ko kuma, idan aikin falet ya zama na kowane mako, a sayi yatsu masu firam nasu waɗanda ake cire bokiti a ɗaura su kai tsaye a hannuwan loda, inda kayan suke matsowa kusa da fin kuma direba yake ganin tsini.