Yadda Ake Zaɓar Kayan Haɗa Babbar Kwamfutar Tebur ta Buga Gem

Wanda ya yi niyyar haɗa kwamfutar tebur mai ƙarfi domin buga gem, abin da ya kamata ya fara yanke shawara a kansa shi ne allon da zai riƙa kallo, domin allon ne yake ƙayyade yawan aikin da sauran kayan za su yi. Allo mai 1920 a 1080 yana da ɗigon hoto 2,073,600, mai 2560 a 1440 yana da 3,686,400, shi kuwa na 4K, wato 3840 a 2160, yana da 8,294,400, ninki huɗu na na farkon ke nan. Kowane ɗigo sai kwamfuta ta lissafa launinsa, kuma idan allon yana sabunta hoto sau 144 ko sau 240 a daƙiƙa guda, to sau ɗin nan ake son ta maimaita lissafin. Saboda haka mai buga wasannin gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant, inda saurin hannu da ido ke raba gardama, ya fi dacewa da allon 1440 mai 240Hz, wato mai sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa, yayin da mai son wasannin labari masu nauyin hoto irin su Cyberpunk 2077 zai fi jin daɗin allon 4K mai 120Hz ko 144Hz. Buƙatun nan biyu ba kwamfuta iri ɗaya suke nema ba, kuma yawancin asarar kuɗin da ake yi a wannan harka daga rashin tantance wannan tun farko take tasowa. A tabbatar kuma allon yana da G-Sync ko FreeSync, domin su ne suke hana hoto tsagewa idan saurin katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo, ya sauka ko ya hau.

Katin hoto

Nan ne ya cancanta a zuba mafi yawan kuɗi, kuma a ganina bai zama ɓarna ba idan kati kaɗai ya ci kusan rabin kasafin. A saman jerin akwai RTX 5090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a Janairun 2025 da ma'ajiyar hoto ta gigabait 32, yana jan wuta har wat 575, kuma farashin da kamfanin ya sanar shi ne dala 1,999, ko da yake a kasuwa ya kan wuce haka da nisa. Ƙasa da shi akwai RTX 5080 mai gigabait 16 da wat 360, wanda aka sanar a dala 999, sai RTX 5070 Ti mai gigabait 16 da wat 300 a dala 749. A ɓangaren AMD kuwa akwai RX 9070 XT da ya fito a Maris na 2025, mai gigabait 16 da wat 304, a dala 599.

Idan aka dubi waɗannan alƙaluman za a ga cewa kuɗin 5090 ya ninka na 5080, alhali saurinsa a cikin wasa bai kai ninki biyu ba. Wanda ke da allon 4K mai saurin sabuntawa, kuma yake son ya kunna lissafin haske da inuwa na zahiri har ƙarshensa, shi ne zai ci moriyar 5090 yadda ya kamata. Wanda allonsa 1440 ne, 5070 Ti ko 9070 XT za su ishe shi, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a wajen allo mai kyau da kariyar wuta. Abin da ba zan ba da shawarar a sassauta a kansa ba shi ne ma'ajiyar hoton: ga kwamfutar da ake kira babba, gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci, domin idan ma'ajiyar ta cika, wasa ya kan riƙa sarƙewa ko ya nuna bango da tufafi a dusashe, komai ƙarfin katin kuwa. Katunan Nvidia suna da DLSS, na AMD suna da FSR, kuma dabarun biyu suna zana hoto a ƙaramin ma'auni su faɗaɗa shi domin a sami sauri. Har yanzu wasannin da ke karɓar DLSS sun fi yawa, kuma mai haɗa bidiyo ko zane mai siffa uku zai tarar manhajojinsa sun fi sabawa da Nvidia, to wannan ma abin sa wa a ma'auni ne.

Firosesa da madabod

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mutane da yawa suna zaton firosesa mafi tsada ita ce mafi kyau a gem, kuma ba haka abin yake ba. Yawancin wasanni ba sa amfani da cibiyoyin aiki fiye da shida zuwa takwas yadda ya kamata, abin da ya fi taimaka musu shi ne ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesar kanta, wadda take rage yawan zuwa neman bayani a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Wannan ne ya sa Ryzen 7 7800X3D da AMD ta fitar a 2023 da magajiyarta Ryzen 7 9800X3D ta Nuwamban 2024, masu cibiyoyi takwas da megabait 96 na wannan ma'ajiya, suka sha gaban waɗanda suka fi su tsada a wasanni da dama. Ryzen 9 9950X3D mai cibiyoyi 16 tana da amfani ga wanda zai haɗa gem da aikin bidiyo mai nauyi, amma ga mai wasa zalla ƙarin kuɗin ba ya dawo da komai a zahiri. A gefen Intel akwai Core Ultra 9 285K ta Oktoban 2024, wadda ta yi kyau a ayyukan ofis da na ƙirƙira, sai dai a gem ba ta kamo 9800X3D ba. Wanda kuma aka yi wa tayin Core i9 ko i7 na zubi na 13 ko na 14, musamman na hannu, ya sani cewa a 2024 kamfanin ya amince akwai matsalar wutar da ke wuce kima tana lalata wasunsu, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ya kuma ƙara shekara biyu a garantinsu. Gyaran yana kare lafiyayya ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu.

Madabod kuwa, wato faifan da ake jona sauran kayan a kansa, dole soket ɗinsa, wato gurbin da firosesa ke zama, ya dace da ita: AM5 ga Ryzen na yanzu, LGA1851 ga Core Ultra, LGA1700 ga zubi na 12 zuwa na 14. AMD ta yi alkawarin ci gaba da AM5 har zuwa 2027 ko bayan haka, wanda ke nufin mutum zai iya sauya firosesa nan gaba ba tare da ya sauya madabod ba. Madabod mai tsada ba ya ƙara wa wasa sauri. Madabod samfurin B650 ko B850 daga kamfani sananne ya wadatar, matuƙar yana da gurbin ma'ajiyar SSD aƙalla biyu ko uku, da ƙarfen sanyaya a kan sashen da ke ba firosesa wuta, da kuma maɓallin sabunta BIOS ba tare da an sa firosesa ba, domin tsohon B650 da ya daɗe a shago yana iya ƙin tashi da sabuwar Ryzen sai an sabunta shi.

RAM da ma'ajiya

Gigabait 32 na DDR5 mai saurin 6000 da jinkirin CL30 shi ne abin da ya fi dacewa da AM5. A saye shi sanda biyu masu 16 a kwali ɗaya, a sa su a gurbi na biyu da na huɗu daga gefen firosesa, kamar yadda littafin yawancin madabod ya nuna, domin sanda huɗu na DDR5 su kan tilasta a rage sauri. Bayan an haɗa, sai a shiga BIOS a kunna EXPO, ko XMP idan Intel ce, in ba haka ba RAM ɗin zai tsaya a saurinsa na asali wanda bai kai abin da aka biya ba. Ma'ajiya kuma a ɗauki SSD na NVMe mai terabait 2, tun da manyan wasanni da yawa sun haura gigabait 100 kowannensu. Na PCIe 4.0 mai karanta kimanin megabait 7,000 a daƙiƙa ya isa. Na PCIe 5.0 yana kaiwa ninki biyu a takarda, amma bambancin buɗe wasa ƙalilan ne, ga tsada ga zafi.

Wuta

Wannan sashe ne nake son mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maradi ya fi tsayawa a kai, domin masu gwada kayan nan a Turai da Amurka suna zaune ne inda wuta ba ta yawan rawa. Na'urar rarraba wuta, wato PSU, ita ce ke ciyar da kowane ɓangare, kuma idan maras inganci ta ƙone tana iya tafiya da katin da ya fi ta tsada sau goma. Araha ba ta ado a nan. Nvidia ta ba da shawarar wat 1000 ga 5090 da wat 850 ga 5080, kuma ya kyautu a nemi mai shaidar 80 Plus Gold zuwa sama, mai ƙa'idar ATX 3.1, mai garanti na shekara bakwai zuwa goma, domin tsawon garanti yana nuna yadda kamfani ya yarda da kayansa. Ƙa'idar ATX 3.1 tana zuwa da wayar 12V-2x6 mai ɗaukar wat 600, wadda aka gyara bayan rahotannin narkewar bakin waya a kan RTX 4090 tun daga 2022. A tura wayar har sai ta yi ƙaras ba a ganin tazara, kada a lanƙwasa ta sai bayan santimita uku ko huɗu daga bakin, kuma kada a ari wayar wata PSU a sa wa wata, domin tsarin bakinsu yana bambanta ko da sun yi kama.

Sai a yi lissafin abin da ke bayan bango. Kwamfuta mai 5090 da allonta tana iya jan kusan wat 800 a tsakiyar wasa, wato awa huɗu sun haura yunit uku na mita, kuma ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta tare da fanka da firji ba. UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, wajibi ne, kuma a duba ƙarfinsa da wat, domin mai rubutun 1500VA sau da yawa wat 900 zuwa 1000 kawai yake bayarwa. A nemi wanda ke fitar da tsabtatacciyar igiyar wuta irin ta gidan wuta, domin wasu PSU na zamani su kan kashe kansu nan take idan UPS mai kakkausar igiya ya karɓi aiki. Wannan sharaɗi ya shafi inbata ta sola ma. Inda wuta ke yawan sauka ƙasa da volt 230 da ya kamata ta kasance, a haɗa da sitabilaiza ko UPS mai daidaita wuta a cikinsa, kuma a sa mai gyaran wuta ya tabbatar wayar ƙasa ta ɗakin tana aiki. Duk wannan a lissafa shi cikin kuɗin kwamfutar tun ranar farko, kuma idan kasafin bai ɗauka ba, gara a sauka daga 5090 zuwa 5080 a cike giɓin.

Zafi da ƙura

Gwaje-gwajen zafi da ake gani a intanet galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 ake yin su. A watan Afrilu kuwa zafin garuruwanmu yana haura 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana iya kaiwa 35, kuma kusan kowane digiri da ɗaki ya ƙaru sai ya bayyana a kan firosesa da kati. Wanda aka auna a 75 can zai iya kusantar 90 a nan, ita kuma 9800X3D tana fara rage gudu da kanta idan ta kai 95. Saboda haka a ɗauki na'urar sanyaya da ta fi abin da ake buƙata: ko babbar ta iska mai hasumiya biyu irin Noctua NH-D15, ko ta ruwa mai faɗin milimita 360. Ni na fi karkata ga ta iska a inda kayan gyara ke wuyar samu, domin abin da zai iya lalacewa a jikinta fanka ce kawai, ita kuwa ta ruwa idan famfonta ya tsaya sai dai a sauya ta gaba ɗaya.

Gidan kwamfutar ya zama mai raga a gaba, domin mai gilashi a rufe yana shaƙe kati. A auna kafin a saya: katunan 5090 da 5080 da yawa sun wuce milimita 330 a tsawo, NH-D15 kuma tsayinta milimita 165 ne, kuma kowane gida yana da iyakar da aka rubuta masa. A sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, kuma kowace mashiga ta kasance da matatar ƙura, ta yadda iska za ta riƙa fita ta ƙananan ramuka maimakon ta jawo ƙura ta cikinsu. A ɗora kwamfutar a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa ko a kan darduma. A lokacin hunturu a riƙa wanke matatun kowane mako biyu ko uku, a busa cikin da abin hura iska bayan an zare wuta, ana riƙe da fankoki da yatsa don kada su yi juyin da zai lalata su.

Wajen saye

Ko a Computer Village ta Ikeja za a saya, ko a shagon gari, ko ta hannun mai kawo kaya daga waje, a tambayi wanda zai ɗauki nauyin garanti, domin garantin kayan da aka sayo a Amurka ko Dubai sau da yawa sai an mayar da su can yake aiki. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, a kuma gwada lambar kwali da ta jikin kayan. Katin hannu kuwa kada a biya sai an ga yana aiki a kan allo, domin an sha samun rahoton katunan 4090 da aka cire musu ƙwaƙwalwa da ma'ajiya aka sayar da ƙwarya. A buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar sunan kati da girman ma'ajiyarsa sun yi daidai da abin da mai shago ya faɗa, sannan a sa masa wasa mai nauyi ko manhajar FurMark na minti 20 zuwa 30, ana lura da zafinsa, da ƙarar fankokinsa, da ko wasu ɗigogi ko layuka masu launi suna bayyana a hoton. Idan mai kayan ya ƙi yarda a yi wannan gwaji a gabansa, a bar masa kayansa a nemi wani shagon.